Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Bin Sawun Matsala a Kan Sabar

Duk wanda ya taɓa gina wa wata makaranta shafin biyan kuɗin zango da duba sakamako, ko ya haɗa wa ƙungiyar manoma rajistar masu karɓar taki, ya san irin kiran da ke shigowa da sassafe: "Malam, abin nan fa ya ƙi yi." Iyakar bayanin ke nan. Mai kiran yana Jogana ko Tsamiya Babba a Gezawa, sabar da shafin ke zaune a kanta tana Legas ko wata ƙasa a Turai, kai kuma ga ka a tsakiya da laftof mai saura cajin awa guda. Jagorar nan ta irin wannan safiya ce. Misalanta na PHP da MySQL da Laravel ne, domin su aka fi samu a sabar haya mai cPanel, wadda kuɗinta bai fi ƙarfin ƙaramar makaranta ba. Mai aiki da Node.js ko Django ma zai ga hanyar binciken ɗaya ce.

Abin da na yi imani da shi shi ne, akasarin matsalolin nan daga tazarar da ke tsakanin laftof ɗinka da jama'ar da za su yi amfani da shafin suke fitowa. A laftof sunan gwaji gajere ne, hoton gwaji ƙarami, sabis ba ya yankewa, kuma mutum ɗaya ne ke danna maɓalli. A Gezawa kuwa sunan Sa'adatu ne ko Ɗanladi, hoton wayar Tecno ce ta ɗauka, sabis yana zuwa yana tafiya, kuma uba ɗaya ne ke yi wa 'ya'ya biyar rajista da lambar waya guda.

Kafin ka taɓa kod

Mai gyaran babur da ya san aikinsa yakan saurari ƙarar inji kafin ya ɗauko sifana. Kai ma ka fara da tambaya: wane shafi ne, me aka danna, me ya fito, ƙarfe nawa? Ka roƙi a ɗauki hoton fuskar wayar a turo maka ta WhatsApp, don abin da mutum zai faɗa da baki da abin da ke rubuce sau da yawa daban suke. Sai ka gwada da kanka, da layi biyu, misali MTN da Airtel. In ya buɗe a ɗaya ya ƙi a ɗaya, laifin ba na kod ɗinka ba ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da shafuka da dama suka tsaya a Najeriya. Wanda ya zauna yana sauya kod a ranar, ɓarna kawai ya ƙara wa kansa.

Daga nan ka duba abubuwa uku masu ban kunya: ko kuɗin hayar sabar ya ƙare, ko wa'adin domen ya cika, ko satifiket ɗin SSL ya mutu. Na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, in sabuntawar da ke gudana da kanta ta tsaya sai burauza ta fara tsorata mutane da jan gargaɗi.

In duk waɗannan lafiya suke, lambar da sabar ta mayar za ta nuna maka inda za ka dosa. 404 na nufin ba a ga adireshin ba. 403 na nufin an gan shi amma an hana shiga. 500 kod ɗinka ne ya faɗi. 502 da 504 na nufin Nginx ko Apache ta miƙa aikin ga manhajar da ke bayanta, ita kuma ta mutu ko ta yi nawa. Idan farin shafi ne fes babu ko harafi, kusan kullum 500 ne aka ɓoye bayaninsa.

Bayanin yana cikin log, kundin da sabar ke rubuta kurakuranta. A cPanel ka nemi fayil mai suna error_log a cikin foldar shafin. A Laravel yana storage/logs/laravel.log. A sabar da kai ke riƙe da ita, leƙa /var/log/nginx/error.log ko /var/log/apache2/error.log. Ka buɗe shi da umarnin tail -f, ka sake danna abin da ya ƙi yi, ka ga layin da zai faɗo. Layin farko na kuskuren shi ne mai amfani: yana ɗauke da saƙo, da sunan fayil, da lambar layi. Dogon jerin da ke biye hanyar da aka bi ce kafin a iso wurin, kuma a cikinsa fayilolinka za ka nema, ka tsallake na foldar vendor.

Akwai gajeriyar hanya da masu gaggawa ke bi, wato kunna APP_DEBUG ko display_errors a shafin da jama'a ke amfani da shi. Kada ka yi. Shafin kuskuren kan fallasa sunayen fayiloli da umarnin SQL, wani lokaci har da abin da ke cikin saitin sirri, ga kowa da kowa. Rumbun makaranta cike yake da sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar NDPC mai sa ido a kanta. Sannan in ka fara gyara, abu ɗaya za ka riƙa canzawa ka gwada. Wanda ya canza biyar a tare, ko ya dace abin ya tashi, bai san wanne ya yi maganin ba.

"Ai a kwamfutata yana aiki"

Yana aiki mana, tunda XAMPP ne a kan Windows. Sabar kuwa Linux ce, ita kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami. A wurinta Dalibi.php daban, dalibi.php daban, haka ma sunayen tebur a MySQL. In ka ga saƙon cewa ba a samu fayil ko aji ba alhali kana kallonsa da idonka, duba harafin farko.

Na biyu shi ne shiga rumbun bayanai. A XAMPP kana shiga da root ba kalmar sirri. A cPanel ana liƙa sunan asusunka a gaban sunan rumbun da na mai shigarsa, kuma sai ka haɗa su biyun ka ba da izini. Kuskure mai lamba 1045 daga nan yake zuwa. A Laravel, in ka gyara fayil ɗin .env amma babu abin da ya sauya, tsohon saiti ne ya maƙale, php artisan config:clear zai share shi.

Na uku sigar PHP. Darussan da ke yawo a intanet har yanzu wasu suna koyar da mysql_connect, alhali an cire shi tun PHP 7 a Disambar 2015. PHP 8, wadda ta fito a Nuwambar 2020, ta ƙara tsanani, abubuwan da a da gargaɗi kawai suke jawowa yanzu suna kayar da shafi. Idan shafin da ya shekara lafiya ya faɗi dare ɗaya ba ka taɓa komai ba, tambayi masu hayar sabar ko sun ɗaga siga. Batun izinin fayil kuma gajere ne: 755 ga folda, 644 ga fayil, storage da bootstrap/cache su zama sabar na iya rubutu a ciki. Duk wanda ya ce ka sa 777 ka huta, ƙofa ya ce ka bari a buɗe.

Kada a ɗauka ƙananan masu gini kaɗai wannan ke kamawa. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Bayanin da aka bayar shi ne, gyaran da aka yi wa manhajar bai hau wasu daga cikin sabobin yadda ya kamata ba. Darasin ya shafi mai sabar guda ɗaya ma: ka ajiye kod a Git, ka riƙa ɗorawa daga can, ka daina jefa fayiloli ɗai-ɗai ta cPanel kana dogara da ƙwaƙwalwarka.

Sunayenmu

A nan zan daɗe, don a nan ne darussan waje ba su da abin gaya mana. Sakatariyar makaranta za ta ce maka rajista tana tafiya lafiya, amma wasu yara sun ƙi shiga. Karɓi sunayen. Za ka tarar da Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il, A'isha, Sa'idu. Abin da ya haɗa su shi ne alamar nan da ke tsakiyar sunan. Idan ka gina umarnin SQL ta hanyar manna abin da aka rubuta a fom kai tsaye, MySQL za ta ɗauka zancen ya ƙare a kan "Sa", ta rasa yadda za ta yi da "adatu", ta mayar da kuskure mai lamba 1064.

Wasu sukan magance shi da hana rubuta alamar, ko goge ta. Wannan zalunci ne ga mai suna, takardar sakamakonsa za ta saɓa da ta haihuwarsa, kuma bai toshe ramin ba. Ramin da sunan Sa'adatu ya faɗa shi ne dai wanda ɓarawo zai bi ya kwashe rumbun gaba ɗaya ko ya sauya maki. Maganin shi ne a raba umarni da bayani:

$q = $pdo->prepare("INSERT INTO dalibai (suna, waya) VALUES (?, ?)");
$q->execute([$suna, $waya]);

Eloquent na Laravel yana yin haka da kansa, sai dai in ka koma DB::raw kana manne-manne. Ka bi kod ɗinka kaf ka gyara kowane wuri, musamman shafin shiga da akwatin bincike.

Alamar tana da wata fitinar. Wata waya miƙaƙƙiya take rubutawa, wata lanƙwasasshiya, Microsoft Word kuma yakan sauya ta da kansa. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa ne daban. Sai a nemi A'isha a ce babu ita, alhali tana nan. Ka zaɓi guda, ka mayar da sauran zuwa gare ta kafin ajiyewa da kafin bincike.

Sai baƙaƙenmu masu ƙugiya: ƙ, ɗ, ɓ. Lalacewarsu iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci. Idan ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, harafin yana nan da ransa, karanta shi kawai aka yi da tsohon tsarin Turai, kuma ana iya dawo da shi. Idan kuwa alamar tambaya ta maye gurbinsa, Ɗanladi ya zama ?anladi, leƙa phpMyAdmin. In can ma haka yake, harafin ya tafi tun ranar ajiya, sai dai a sake rubutawa da hannu. Rigakafin shi ne wurare huɗu su yi magana da harshe ɗaya: tebur ɗin ya zama utf8mb4, haɗin PDO ya ƙunshi charset=utf8mb4, shafin HTML ya bayyana UTF-8, fayilolin kod ɗin ma a adana su da UTF-8. MySQL 8 da utf8mb4 take zuwa, amma tsofaffin sabobi da dama latin1 ne saitinsu. Ka sani cewa sauya tsarin tebur ba ya warkar da abin da ya riga ya lalace a ciki, don haka ɗauki kwafin rumbun kafin ka gwada komai.

Ko bayan wannan akwai saura. A PHP strlen tana ƙirga "ƙasa" a matsayin biyar, domin ƙ gurbi biyu take ci. Da substr za ka iya datse harafi gida biyu, strtoupper kuma ba ta san yadda ake girmama ƙ ba. Yi amfani da mb_strlen da mb_substr da mb_strtoupper. Wajen buga takardar sakamako, FPDF ba ta fahimtar UTF-8, koma mPDF ko Dompdf, ka zaɓi rubutun DejaVu Sans, wanda ke da baƙaƙenmu har da alamar ₦. Game da bincike kuwa, yawancin mutane "Danladi" za su rubuta, rumbun kuma bai ɗauki d da ɗ abu ɗaya ba. Ka ƙara gurbi na biyu da ke ajiye sunan ba ƙugiya, ba alama, da ƙananan baƙaƙe, a riƙa bincike a cikinsa, a nuna na asali.

Lambar waya ba abin lissafi ba ce

Idan ka buɗe rumbu ka tarar kowa lambar wayarsa 2147483647 ce, ba aljanu ba ne. Gurbin INT ka ba ta, shi kuma iyakarsa ke nan, 2,147,483,647. Lambobinmu masu farawa da 070 ko 080 ko 090 duk sun zarce haka, sai MySQL ta danne su zuwa iyakar, ko ta ƙi karɓa da kuskure 1264 in saitinta mai tsauri ne. BIGINT zai ɗauka, amma zai cinye sifirin farko. Lambar waya, da NIN da BVN masu lamba 11, da lambar asusun banki mai 10, duk rubutu ne, VARCHAR ya dace da su. Excel ma yana cinye sifirin, saboda haka ka duba jerin da aka turo maka kafin ka zuba. Kuma tunda wani da 0 zai fara, wani da 234, wani da +234, ka mayar da su siga ɗaya wajen ajiya.

Kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne ɗaukar lambar waya ko imel a matsayin shaidar mutum ɗaya. A garuruwanmu maigida kan yi wa iyalinsa duka rajista da layinsa, mai kafe kuma kan sa imel ɗinsa ga duk wanda ya zo. Ka sa UNIQUE a kan waya, ɗa na biyu zai ci karo da kuskure 1062. Suna ma ba shaida ba ne, aji ɗaya kan tara Musa Ibrahim uku. Lambar shiga makaranta ko lambar mamba da manhajar ta ƙirƙira ita ce shaida, wayar kuma ta zauna a teburin iyaye.

"An cire min kuɗi, shafi ya ce ban biya ba"

Wannan ne ke kai mutum gaban mai unguwa. Ga yadda yake faruwa. Uba ya biya ta Paystack ko Flutterwave, banki ya cire, alat ya shigo. Saura burauzarsa ta dawo shafinka don a rubuta ya biya, sai sabis ya ɗauke a daidai wannan gaɓa. In dawowar nan kaɗai ka dogara da ita, kuɗi ya tafi, rumbunka bai sani ba.

Abin dogaro shi ne webhuk, saƙon da kamfanin biyan ke aikowa daga sabarsa zuwa taka kai tsaye, ba ruwansa da wayar mai biya. Idan ka saita shi bai yi aiki ba, ga inda ake samun cikas. Ba ya isa laftof ɗinka, sai adireshin da ke kan intanet. A Laravel dole ka cire hanyarsa daga binciken CSRF, in ba haka ba za a kore shi a bakin ƙofa. Paystack tana sa hannu a kan kowane saƙo, a cikin x-paystack-signature, da HMAC SHA512 da makullinka na sirri, kuma lissafin a kan ɗanyen saƙon ake yi yadda ya zo. Ka tabbatar ba ka cakuɗa makullin gwaji mai farawa da sk_test da na gaske mai sk_live ba. Ka mayar da amsar 200 da wuri. In ba ta samu ba, za ta sake aikowa, wato saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu ko fiye. A nan UNIQUE ke da amfani: sa shi a kan lambar shaidar biya, don kada a rubuta wa mutum biya biyu. Ka kuma gwada adadin da aka biya da wanda ake binsa, kada kalmar nasara kaɗai ta ishe ka. Daga ƙarshe ka yi wa akawun makaranta maɓallin da zai sa lambar shaidar ya tambayi kamfanin kai tsaye. Maɓallin nan zai rage maka kiran dare.

Paystack da kwabo take lissafi. Naira 15,000 ita ce 1500000. Ka tura 15000, naira 150 za a cire. Kada ka ajiye kuɗi a FLOAT: a PHP, 19.99 sau 100 in ka mayar da shi cikakkiyar lamba 1998 zai ba ka. Ko DECIMAL, ko kwabo a BIGINT. Na ce BIGINT domin iyakar INT a kwabo ba ta wuce naira miliyan 21 da 'yan kai ba, kuɗin zango ɗaya na makaranta mai matsakaicin girma na iya haura haka.

Raunin sabis yana haifar da kishiyar wannan ma. Shafi ya yi shiru, mutum ya danna tura sau huɗu, aka rubuta shi sau huɗu. Kashe maɓallin bayan dannawar farko yana taimakawa, amma kariyar gaske a sabar take: kowane fom ya ɗauki lamba ta musamman da ba a karɓarta sau biyu, bayan ajiya kuma a tura mutum wani adireshi. Haka rabon taki. Magatakarda biyu na iya ganin saura buhu ɗaya a lokaci guda, kowa ya bayar. Kada ka karanta sannan ka rage, haɗa su a umarni ɗaya:

UPDATE taki SET saura = saura - 1 WHERE id = ? AND saura > 0

In babu layin da ya canza, buhun ya riga ya tafi.

Hoto da 419

Hoton fasfo da ya ƙi hawa kusan kullum girma ne. PHP da iyakar megabait 2 take zuwa a upload_max_filesize, da 8 a post_max_size, Nginx kuma 1 kacal, sai ta mayar da 413. Hoton wayar yau ya wuce haka. Ɗaga iyakar daidai gwargwado, amma abin da ya fi shi ne a rage hoton a cikin burauza kafin turawa, datar mai rajista ma ta huta.

Laravel tana da wani kuskure mai lamba 419, kuma ka san abin da ɗan Najeriya zai raya a ransa in ya ga wannan lamba a shafin da ya sa kuɗinsa. Ma'anarsa kawai zaman shiga ya ƙare: an fara cika fom, aka tafi salla ko kai waya caji, aka dawo bayan minti 120 ɗin da aka saba ba shi. A PHP tsura minti 24 ne ma. Ka tsawaita lokacin, ka raba dogon fom kashi-kashi ana adana kowane, ka kuma sauya shafin kuskuren da bayani cikin Hausa. Kada ka ɗaure zaman shiga da adireshin IP, domin a layin waya yana canzawa, kuma mutane da yawa kan fito da guda ɗaya. Dalilin da ya sa taƙaita yawan gwaji bisa IP kan kulle kafe sukutum da 429 ke nan.

Ranar fitar sakamako

Shafin da ke gudu duk zango yakan durƙushe ranar da kowa ya zo. Alamominsa su ne 504, ko 508 a sabar haya, ko kuskure 1040 na cikar haɗi, wanda MySQL ke farawa da 151. Kafin ka ce a ƙara kuɗin haya, ƙirga tambayoyin da shafi ɗaya ke yi wa rumbu. A ce ɗalibai 600, darussa 12, kod ɗin kuma yana tambayar makin kowane darasi na kowane ɗalibi daban: tambaya 7,200 ke nan don aikin da biyu ko uku za su yi. JOIN ko with() na Laravel ke gyara shi. Sa EXPLAIN a gaban tambayar da ke nawa, in ka ga ALL, tebur ɗin gaba ɗaya ake karancewa, sai ka sa fihirisa a kan lambar ɗalibi da zango da aji. Lissafin matsayi da buga takardun aji guda kuma kada su jira mai dubawa, domin PHP daƙiƙa 30 da megabait 128 take bayarwa. A yi su da dare ta cron, a ajiye, da safe miƙawa kawai za a yi.

Agogo ma yana da nasa. Sabobi da yawa a kan UTC suke, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Jama'a suna son datar dare mai rahusa, to duk wanda ya biya tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya, jiya za a rubuta masa, lissafin akawu ya ƙi daidaita da na banki. Saita Africa/Lagos wajen nunawa, ka tabbatar PHP da MySQL agogo ɗaya suke bi, kuma ka tuna da wannan awa lokacin da kake neman kuskure a log. Saƙon tes da ba ya isa ga wasu iyaye kuwa, sau da yawa tsarin hana saƙon talla ne da NCC ta kawo a 2016 da lambar 2442. Tambayi kamfanin da ke tura maka saƙo hanyar da suka ware wa saƙonnin shaida.

Idan komai ya tsaya lokaci guda, shiga ya ƙi, ɗora hoto ya ƙi, log ma ya daina motsi, buga df -h. Sau da yawa log ɗin ne da kansa ya kumbura ya cinye wurin.

Saura kwafin ajiya. Ka sa mysqldump ya riƙa gudana kullum, ka riƙa sauke kwafin zuwa wani wuri da ba sabar ba, foldar hotuna ma haka. Lokaci-lokaci ka zuba shi a laftof ka ga ko yana tashi, ka duba ko Ɗanladi ya dawo da ƙugiyarsa. Ranar da za ka miƙa aiki kuma, ka rubuta ranar ƙarewar domen da ta hayar sabar a takarda ka ba shugaban makaranta ko na ƙungiya, asusun hayar da na Paystack su kasance da sunansu da imel ɗinsu, kai a ba ka izinin shiga kawai.